Abre Ya Ƙi Ƙamshi? Amsoshin Tambayoyinku Kan Tsiro, Yaji da Wuta

Da Rajab ya raba tsakiya, a duk unguwar da Hausawa suke a Sudan, daga Maiurno zuwa Gadarif da Kasala, hanci ne ke fara gaya wa mutum azumi ya ƙarato: hayaƙin itace, ƙamshin citta da kirfa, da ɗan ƙaurin nan mai daɗi na ƙullu a kan doka, wato faifan ƙarfen da ake tuya a kai. Shi ya sa wasiƙun wannan fitowar suka karkata ga abre, wanda ake kira hilu-mur, wato zaƙi da ɗaci, abin shan azumi ne da ake yi da ƙullun tsiron dawa, a toya shi siriri, a busar, sannan a jiƙa a sha. Akwai guda ɗaya a kan ruwan sha'ir na gida, mun sa ta a tsakiya domin ciwonta ɗaya da na ta farko. Masu sana'ar tuyar abre da masana sarrafa hatsi ne suka haɗa kai suka amsa. Inda muka ce malwa, muna nufin kilo 3 da 'yar ɗoriya na dawa. Wugiya kuwa giram 37 ce, kashi ɗaya cikin 12 na ratali.

Daga wata uwargida a Gadarif: Bara na ninka yajin da na saba sawa, har habbahan mai tsada na zuba ba ƙyashi. Amma da aka jiƙa abren sai ɗaci da zafi a maƙogwaro, ƙamshi babu. Duk kayan tare nake niƙa su, in juye tun a tukunyar kojan, wato talgen ƙullun, lokacin tuƙi. Ina kuskuren yake?

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Yajinki bai yi kaɗan ba, lokacin zuba shi ne ya kuskure. Kayan ƙamshin abre ba halinsu ɗaya ba. Citta, gurunjal, kirfa da hulba suna da jimirin wuta, abin da ke ba su zafi ko ɗaci ba ya saurin bin tururi. Habbahan, kasbara da shamar kuwa duk dukiyarsu wani ɗan mai ne mai tashi da zarar ya ji zafi. Ƙamshin nan da ya cika gida lokacin da kike tuƙi, har maƙwabta suna leƙowa ta katanga, shi ne ya kamata ya tsaya a kofi, sai ya bi iska. Habbahan ɗinki ya ga wuta sau biyu, ta kojan da ta doka, abin da ya rage a ƙullun shi ne masu jimirin, kuma kin ninka su. Daga nan ɗaci da zafin suka fito.

Ki raba kayan kashi uku. Ma'aunin da za mu ba ki na malwa ɗaya ta garin tsiro ne da malwa ɗaya ta garin dawa.

Kashi na farko yana shiga ne bayan ƙullu ya yi zaƙi ya huce, kafin a bar shi ya kwana: citta wugiya 2, kirfa wugiya 1 da rabi, gurunjal wugiya 1, hulba ƙasa da rabin wugiya. A nan ne za ki zuba ruwan tsamiya rabin ratali da na zoɓo wugiya 3, waɗanda kika jiƙa kika tace. Kada ki bari tsamiya da zoɓo su riga zaƙi shiga tukunya, domin tsami yana karya ƙarfin tsiro tun bai gama aikinsa ba. Hulba kuma a yi mata hankali. Kaɗan tana ba abre wani gardi kamar na ƙonannen sukari, in ta yi yawa sai ta danne kowa, ta yi ɗaci, har washegari a ji ta a gumin wanda ya sha. Ki ɗan soya ta a busasshen kasko sai ta fara sauya launi, ɗacin zai ragu.

Kashi na biyu sai safiyar tuya, ana saura kamar awa ɗaya a ɗora doka: kasbara wugiya 1 da rabi, shamar wugiya 1, kamun rabin wugiya, habbatus sauda rabin wugiya, habbahan rabin wugiya. Waɗannan wuta ɗaya kawai za su gani, ita ma ta 'yan mintoci.

Na uku shi ne wanda gidaje da yawa ba sa yi, alhali ya fi sauran arha, ya kuma fi su tasiri. Ki ajiye sauran habbahan da ɓawonsa a kwalba mai murfi. Kullum in za ki jiƙa abren buɗa-baki, ki fasa ƙwaya 3 ko 4 a kan kowace lita da bayan cokali, ki jefa cikin ruwan jiƙon tare da gutsuren kirfa kamar gaɓar yatsa. Ba wutar da za ta kore shi, duk ƙamshin a ruwa zai zauna. Ranar farko ki jiƙa kwano biyu, ɗaya da shi ɗaya babu, ki ba maigida ya bambance da hancinsa.

Sai niƙa. Yajin da aka niƙa tun Rajab aka ƙulle a leda, kafin ƙarshen Sha'aban ya yi sanyi. Ki saya da ƙwayarsa, ki niƙa kowane kashi ranar da za ki yi amfani da shi. In a inji za a niƙa, ki sa a fara wuce da tafi biyu na dawa a zubar, don injin da ya niƙa barkono da safe zai bar miki shaidarsa a abre.

Daga wata amarya a Maiurno: Bana ne karon farko da na yi abre a ɗakina ba tare da Inna ba. Na tuƙa garin dawa ya yi kauri, na juye garin tsiron yana kan wuta yana tafasa. Ƙullun bai saki ba, ya tsaya kamar tuwo, zaƙi ko alama. Tsiron ne ba shi da kyau ko hannuna ne?

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Hannunki lafiya lau, wuta ce ta kashe miki tsiron. Zaƙin abre na asali ba daga sukarin kanti yake zuwa ba. Idan ƙwayar dawa ta fara tsira, takan samar da wasu sinadarai masu yayyanka sitaci su mai da shi sukari don ciyar da ɗan tsiron, su ne muke aro. Sai dai akwai sharaɗi biyu masu karo da juna. Sitacin dawa ba ya buɗewa sai zafi ya haura digiri 70, su kuma sinadaran da zafi ya kai digiri 80 zuwa sama, cikin 'yan mintoci sun mutu. Dalilin da ya sa iyayenmu ke raba aikin gida biyu ke nan: a dafa garin da bai tsira ba shi kaɗai, sannan a kawo masa tsiro bayan ya ɗan huce.

Ki dama malwa ɗaya ta gari cikin ruwa kamar lita 12, ki yi talge, ki bar shi ya tafasa minti 20 kina tuƙawa don kada ya kama. Sauke daga wuta gaba ɗaya. Ki dama kashi ɗaya cikin uku na garin tsiron da ruwan sanyi, ki zuba kina juyawa. Kafin minti biyar za ki ji muciya ta yi sauƙi a hannunki, tuwo ya koma kunu. Aikin wannan kashin shi ne ya saki ƙullu ya rage zafi, ba a jiran zaƙi daga gare shi. Ki ci gaba da juyawa har zafi ya sauko tsakanin digiri 65 da 68. In ba ki da ma'aunin zafi na kicin, ki jira tururi ya daina tashi da ƙarfi, gefen tukunya ya zama kina iya taɓawa ki janye ba tare da ya ƙone ki ba. Sai ki zuba sauran tsiron, ki rufe, ki lulluɓe tukunyar da bargo ko buhu awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ki ɗanɗana kafin ki rufe, ki sake ɗanɗanawa in kin buɗe, harshenki zai gaya miki ko an dace.

Tun da kin tambayi tsiron, ga yadda ake samun mai ƙarfi. Kafin ki jiƙa buhu guda, ki ƙirga ƙwaya 100 ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kwana uku. Idan waɗanda suka tsira ba su kai 85 ba, ki canja dawa, domin matattun ba sa ba da zaƙi, ruɓewa suke yi su ɓata sauran. Dawar da ta daɗe a matmura, wato ramin ajiyar hatsi, ko wadda ƙwari suka huda takan faɗi wannan gwajin. Irin shuka da aka yi wa magani, mai launin ja ko ruwan hoda a jiki, ba ya shiga tukunya ko da kyauta aka ba ki. Ki wanke, ki jiƙa awa 12 zuwa 24 kina canja ruwa sau biyu, ki tsane, ki baza a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, kaurin kada ya wuce faɗin yatsa uku, ki rufe da wani buhun. Yayyafi safe da yamma, ba ambaliya ba. Ki riƙa cusa hannu a ciki: ɗumi kaɗan alamar rai ne, zafi da yauƙi da warin tsami alamar ya yi kauri ko ruwa ya yi yawa. Kwana 3 zuwa 5 ya isa. In aka bar shi ya yi dogon kore, tsiron ya cinye sukarin da kike nema. Duk inda kika ga fumfuna baƙa ko koriya, ki kwashe wurin da kewayensa ki zubar. Shanya a rana, a baje sosai, sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori.

Wani abu da ya kamata kowace mai abre ta sani: tsiro da saiwar dawa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid, dangin wadda ke cikin rogo mai ɗaci, ita ce kan kashe dabbar da ta ci ɗanyen toho a gona. Dahuwa da tsami da tuya suna rage ta ƙwarai, amma mun fi son bayan ya bushe ki murza shi a tafin hannu ki sheƙe, saiwa da tsiron su fita kafin niƙa. Ɗacin banza ma yana raguwa. Yara kada su tauna ɗanye, awaki kada su kai baki wurin shanya.

Daga Kasala: Innarmu kwana ɗaya take barin ƙullu ya yi tsami daidai. Ni shekarun nan in na bar shi kwana ɗaya sai ya tashi salam. Bara na bar shi kwana uku, ya yi wari mai hawa kai, zaƙin ya tafi.

'Yar'uwa, Inna ba ta ɓoye miki komai ba, wata ne ya matsa. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana kusan 11. A 2015 Sha'aban ya faɗo tsakanin Mayu da Yuni, tsakiyar zafi, a 2025 kuwa a Fabrairu ya faɗo, dare da sanyinsa. Ƙwayoyin halittar da ke kawo tsamin ƙullu, danginsu ɗaya da masu mai da madara kindirmo, sun fi kuzari tsakanin digiri 30 da 37. A sanyi suna jan ƙafa, in kuma aka ƙara musu kwanaki barkatai sai yis da masu kawo tsamin khal su karɓe tukunyar, su cinye zaƙin da kika sha wahalar samarwa.

Maganin shi ne ki ba su iri, ki ba su ɗumi. Rabin lita na ƙullu mai rai na kisra, siririyar gurasar dawan nan, ya ishi malwa biyu. Ki zuba shi bayan ƙullu ya huce har kina iya barin yatsa a ciki ba damuwa, in ya fi haka zafi irin zai mutu. Ki ajiye a cikin ɗaki, ba tsakar gida ba, a lulluɓe, ki juya safe da yamma. Daga awa 18 ki fara ɗanɗanawa, ki bar ƙirga kwana. Abin da kike nema shi ne tsamin kindirmon kwana ɗaya wanda zaƙi ke biye da shi a baya. A irin wannan sanyin yakan kai awa 30 zuwa 40. Da ya kai, a ɗora doka. Don haka ki tsayar da ranar da masu taya ki tuya za su zo kafin ki ɗora kojan, ba bayansa ba. Kuma a bokitin roba na abinci ko randa ake barin ƙullu ya kwana, tsami yana cin tukunyar alminiyam ya bar ɗanɗanon ƙarfe.

Daga wani matashi a Bur Sudan: Na zauna a Jidda, na saba da ruwan sha'ir na kwalba marar giya. Na samu gwangwanin zumar sha'ir, wato tataccen ruwan tsiron sha'ir mai kauri, na sayi hashishatud-dinar wurin mai attara don in yi nawa a gida, ba yis ba komai. Na farko ya yi zaƙi kamar maɗi. Da na ƙara ganyen na dafa awa guda sai ya koma maɗaci, ƙamshi babu. Nawa ake sawa, kuma yaushe?

Ɗanmu, ka koma ka karanta amsar Hajiya ta Gadarif, rabin taka tana ciki. Hashishatud-dinar, wanda a fakitin waje za ka ga an rubuta hops, furen wata shuka ce mai yaɗo da ke son dogon yinin bazarar ƙasashen sanyi. Shi ya sa manyan gonakinta suke Halatau a kudancin Jamus, da kwarin Yakima a Amurka, da yankin Zatek a ƙasar Cek, ba a bakin Nilu ba. Ka ɓare fure ɗaya ka duba gindin ganyayyakin, za ka ga wata 'yar hoda rawaya mai danƙo. Abu biyu ne a cikinta: ƙaro mai ɗaci da mai mai ƙamshi. Ƙaron ba ya narkewa a ruwa sai an tafasa shi, kuma ɗacin ƙaruwa yake yi har zuwa kusan awa guda. Man kuwa cikin mintoci kaɗan na tafasa yake tashi. Da ka dafa duka awa ɗaya, ka kwashe ɗacin kaf, ka sallami ƙamshin.

Fara da duba gwangwanin. Wasu an riga an dafa su da furen tun a masana'anta. In naka haka yake, ka tsallake zubin farko da za mu faɗa. In kuma ya zo da 'yar ledar yis, ba ta da aiki a nan.

A kan lita 5 na ruwa, ka narkar da zumar sha'ir giram 450 a ruwan ɗumi kafin ka ƙara wuta, in ba haka ba ta kwanta a gindi ta ƙone. Ka tsaya a kanta lokacin tafasar farko, kumfa takan yi ambaliya kamar madara. Da ta lafa, zuba furen giram 6, ya tafasa minti 30. Wannan shi zai karya maka zaƙin maɗin nan. Kashe wuta, jira kamar minti goma zafi ya sauko kusa da digiri 80, zuba giram 10, rufe tukunya minti 15. Wannan na ƙamshi ne, murfin shi ke tsare shi. Tace da tsumman da ka tafasa, ka tsoma tukunyar a baho mai ƙanƙara ta huce da sauri, ka matsa lemun tsami cokalin cin abinci 2 a kowace lita, sai firiji. In kana son ƙamshin ya ƙara fitowa, ƙulla giram 5 a tsumma mai tsabta ka jefa a ciki, yana cikin firijin, awa 24. Ya wuce kwana biyu zai koma warin ɗanyar ciyawa. Lokacin sha, kashi biyu nasa, kashi ɗaya ruwan soda, ka samu tsirtuwar da ka saba da ita a kwalba.

Ƙarfin furen ya bambanta ƙwarai. Fakitin waje yakan nuna yawan sinadarin ɗacin a cikin ɗari: Saaz 3 zuwa 4 da rabi, Cascade mai ƙamshin giref, babban lemun nan mai ɗaci-ɗaci, 4 da rabi zuwa 7, Citra kuwa 11 zuwa sama. Giram 6 ɗin da muka ce na masu sauƙi ne, in naka ya ninka su ƙarfi ka raba biyu. Na mai attara ba shi da rubutu, don haka ka fara da rabi, ka rubuta abin da ka sa a takarda, ka gyara a tukunya ta gaba. Kafin ka biya, murza fure biyu a tafin hannu. Mai kyau kore ne, yana barin danƙo, ƙamshinsa kamar ɓawon lemu da ɗanyen ganye. Wanda ya koma ruwan ƙasa yana warin tsohon cuku ya sha iska da zafi, ba dabarar da za ta dawo da shi. Ragowar ka matse iskar ledar ka sa a firiza. Abin shan ma ka ɓoye shi daga haske, domin rana tana sauya sinadarin ɗacin ya yi wari mai ɗoyi cikin ɗan lokaci. Dalilin da ya sa kwalaben irin wannan suke da duhu ke nan.

Gargaɗin da muke so ka riƙe da hannu biyu: kada ka ɗura wannan ruwan a kwalba ka toshe ka ajiye a ɗaki. Ruwa ne mai sukari da bai da tsamin kare kansa. Yis ɗin iska zai iya shiga ya mai da shi abin maye, kwalba ta fashe, kuma a rufaffen wuri marar tsami ne ƙwayar gubar nan ta abincin gwangwani, botulizim, ke tsira. Lemun tsamin da muka ce ba don daɗi kaɗai ba ne. Na masana'anta suna daɗewa ne don an bi da su ta zafi bayan an rufe, da na'urorin da babu su a gida. Naka a firiji yake zama, a shanye cikin kwana 3. Furen yana kawo barci ga wasu, mai ciki da mai shayarwa su haƙura da shi, tukar da ka tace kuma guba ce ga kare.

In furen ya yi wuyar samu, ɓawon giref na lambunan Kasala yana kusa da ƙamshin Cascade. Ka kankare saman mai launi kawai, ka zuba bayan kashe wuta, farin cikin shi ke da ɗaci. Ɗan mahareb, ciyawar nan mai ƙamshi danginsu tsaure, yana tafiya da shi. Ga masu tunanin sa furen a ƙullun abre kuma, kada ku yi. Sinadarin ɗacinsa yana hana ƙwayoyin tsami aiki, ƙullu zai ƙi tashi.

Daga wani magidanci a Sinnar: Abren da ya rage bayan buɗa-baki, iyali kan ajiye shi zuwa gobe. Wani lokaci ina jin yana ɗan cizon harshe. Zuciyata ba ta kwanta ba.

Malam, gara da ka tambaya. Lokacin da ƙullu ke tsami, yis yakan samar da ɗan abin maye kaɗan, kamar yadda yake yi a ƙullun burodi. Wannan sinadarin a digiri 78 yake tafasa, doka kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, ga ƙullun an shimfiɗa shi siriri an kuma busar, don haka busasshen abre ba shi ne abin damuwa ba. Inda ake lura shi ne bayan an jiƙa an sa sukari. A nan sabon aiki yake farawa, in ba a firiji yake ba. Cizon harshe, kumfa mai tasowa da kanta, ƙarar iska in an buɗe jarka, duk alamu ne ya fara juyawa. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage a bayar ko a zubar. Hukuncin daki-daki na malamai ne. Ta fuskar kicin, shawararmu a jiƙa daidai na yini ɗaya, a sa sukari dab da sha, na sahur ya kwana a firiji, wanda ya fara cizo a zubar. Jarkar ma a wanke ta da ruwan zafi kullum, domin ragowar jiya ita ke zama irin na yau.

Daga Wad Madani: Abrena yana fita da ƙauri da bauri, harshe har ya yi kauri. A kan gas nake tuya, da ruwan zafi nake jiƙawa don sauri.

Hajiya, laifi biyu ne, kowanne da mai shi. Ƙaurin na doka ne. Ƙullun abre cike yake da sukari, ba ya ɗaukar wutar da kisra ke ɗauka. Ɗacin da ake so yana zuwa ne idan sukari ya gasu a hankali ya koma ja mai duhu, in ya yi baƙi ya zama gawayi. Kan gas yana tara wuta a tsakiya, tsakiyar ta ƙone gefe bai nuna ba. Ki nemi doka mai kauri, ko ki sa wani faifan ƙarfe tsakaninta da wutar, ki rage wuta zuwa matsakaiciya. Ki yi ta kai da kawo da gargariba, wato abin baza ƙullu a kan doka, har ƙullun ya daina bin ta, sannan ki naɗe. Tsakanin kowace ɗarga, wato shimfiɗa ɗaya da aka toya aka naɗe, da mai bi mata, ki kankare ɓurɓushin da ya maƙale ki goge da tsumman mai. Wannan ɓurɓushin shi ke ƙonewa ya shiga ta gaba.

Baurin kuwa na ruwan zafi ne. Dawar fatarita, wadda aka fi so don abre saboda launi da ƙarfin tsironta, tana da wata fata mai duhu a ƙarƙashin farin bayanta, mai sinadarin bauri irin na bagaruwa. Ruwan zafi yana tatso shi, na sanyi yana barin yawancinsa a tuka. Ki jiƙa giram 100 a lita ɗaya ta ruwan randa tun bayan azahar, awa 2 zuwa 3, ki tace ba tare da murɗe tsumman da ƙarfi ba. In har yanzu yana damunki, badi ki bar tsiron a fatarita, garin tuƙin kuma ki yi da dawar tabat.

Daga Gadarif kuma: Rabin abrena ya yi fumfuna kafin goman tsakiya.

'Yar'uwa, an naɗe shi da sauran danshi aka rufe. Bayan tuya ki jera ɗargogin a kan tabarma ko gadon igiya a inuwa mai iska, ba a kan juna ba, kwana 2 zuwa 3 kina juya su, sai wadda kika karya ta yi ƙas har tsakiya. Sannan ki jera a kwali da takarda tsakaninsu, a ɗora a sama, nesa da randa da bango mai rima. Leda sai ga wanda ya bushe sarai. Wanda ya riga ya yi fumfuna ba a kankarewa a sha, a zubar da shi duka, kwalin ma a canja.